Ɗakunan Goggo Dudu da Baƙonta

Jiya wani saurayi ya tsaya da babur a ƙofar gidana, aljihu cike da makullai, ya ce wai shi ma dillalin gidaje ne, ya zo gaishe da uwar sana'a. Na tambaye shi ko ya taɓa shinshina ɗaki. Ya yi dariya, yana zaton tsufa ne ya taɓa ni. Ya ce, "Hajiya, ai aikin ba wuya. Ga mai gida, ga mai nema, ka haɗa su, ka karɓi naka." To saboda shi da ire-irensa na ɗauki biro. Ban koyi rubutu ba sai da na yi jika, a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga harafi ya karkace ya gyara a ransa, ya bar ni in faɗi magana.

Ɗakin da na fara shiga da sunan aiki yana bakin kogi a Jimeta, bayan rumbunan kamfani, shekarar da aka samu 'yancin kai. Ina bin Iya Gambo, tsohuwar dillaliya, ina ɗaukar mata ƙunshin zannuwa da tasoshi. Asalin sana'armu ke nan, kayan mata. Amma mu ne muke shiga har ƙuryar gida inda namiji ba ya wuce zaure. Mu muka san ɗakin da tsoho ya rasu a ciki aka rufe, da wanda aka cika da buhunan dawa, da wanda awaki suka gada. Da baƙi suka yi yawa a gari, sai ya zama ana tare Iya a hanya ana tambayarta ɗaki fiye da yadda ake tambayarta zane.

Ranar ta tura ni ciki, ita ta tsaya a waje. Na leƙa na fito na ce ɗaki lafiya lau.

Ta ce, "Da me kika duba?"

Na ce da ido.

Ta ce, "Idon naki mai gida ya riga ya shafe shi da farar ƙasa. Koma ki duba da hanci."

Na koma. Warin danshi ne, irin na ƙasar da ruwa ke kwana a ƙarƙashinta. Ta miƙo min sandarta ta ce in ƙwanƙwasa itacen rufi. Ina ƙwanƙwasawa gari ya zubo min a ka. Gara ta cinye cikin itacen ta bar masa fata, don a yi sallama da shi.

Kayan aikin ke nan, ba su da yawa: sanda, hanci, kwaɗo da makulli, tsintsiya don kada mai nema ya tarar da kashin ɓera, da goro a bakin zane don buɗe bakin maƙwabta. Maƙwabta ne za su gaya miki inda ruwa ke bi da damina, mai gida ba zai taɓa tunawa ba. Sai ƙafa. Daga Jimeta zuwa Yola na taka ta har ban san iyaka ba, in babu kuɗin mota.

Kuɗin ɗaki a Jimeta a wancan zamani kogi ne yake yanka shi. In Binuwai ta cika, jiragen kamfani suka hauro da gishiri da kananzir da kwanon rufi, suka tsaya lodin gyaɗa da auduga, to ko akurkin kaji ka share za ka sami mai kwana. Lebura, akawu, masu kwale-kwale, da 'yan kasuwar kudu da ke tare ni suna cewa, "Madam, rum de?" wato ko akwai ɗaki. In ruwa ya ja baya, jirage suka gudu kada yashi ya riƙe su, sai masu gidaje su fara gaishe ni tun daga nesa. Kuma kowace shekara da labarin arzikin da ke tafe. An ce jirgin ƙasa zai zo, filaye suka yi tsada. Jirgin ya zo Gombe, ya dubi hanyarmu, ya wuce Maiduguri. An ce za a kafa masaƙa a bakin kogi, don an ga wani Bature da doguwar igiya yana awon ruwa. Mutane suka yi ta gini a wajen. Ashe fatsa ce, kifi bawan Allah yake kamawa.

Aikin farko da na yi ni kaɗai a cikin Yola ya kusa zama na ƙarshe. Na ji wani dattijo yana da ɗaki a zaure na biyu. Na shiga, na durƙusa, na gaishe shi, na ce, "Bappa, an ce kana ba da haya." Ya dube ni kamar na shigo masa da mushe. Ya ce, "Gidan ubana ne wannan, ba kasuwa ba." Na fito. Da na ba Iya Gambo labari ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kulu, a Jimeta ake haya. A Yola baƙo ake yi."

Ku ji yadda ake yi, ku masu babur. Mutumin Yola na asali, ko yunwa za ta kashe shi, ba zai yarda a ce yana sayar da inuwar gidansa ba. Sai ki je ki ce, "Ina da baƙo, ya rasa masauki." Ya ce, "Ayya, a kawo shi." In wata ya ƙare, baƙon ya ba ki abin da kuka yanka da shi can a waje. Ki cire la'adarki, ki sa sauran a kwano ki rufe da faifai, ki kai wa uwargida ki ce ga goro. Ta karɓa ba ta buɗe ba, ta mayar miki da kwano an wanke. Kowa ya san abin da ke ciki, ba wanda ya ji sunansa. In baƙo ya daina ba da goro, ba a korarsa. Ke dillaliya za ki samar masa dalilin tafiya. Rabin aikina a Yola ke nan, ƙirƙiro wa mutane dalili.

Sai muguwar shekara ta zo, kuma ba ita kaɗai ta zo ba, da ƙannenta. Aka yi tashin hankali, 'yan kudu suka kwashe suka tafi, wasu ko ƙofa ba su tsaya rufewa ba. Na bi ɗakunan da ni na sa su a ciki ina ɗaura kwaɗo, ina tarar da tukunya a kan murhu. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Rabin Jimeta ya zama kango. Ana cikin haka aka fara raɗe-raɗin za a yanka Arewa jiha-jiha, kuma wai Yola ce za ta zama hedikwatar tamu. Ku dubi hankalin ɗan Adam: gari cike da ɗakunan da ba kowa, mutane kuma suna ta haƙar ƙasa suna ƙara wasu. Hujjar ita ce manyan ma'aikata ba za su kwana inda lebura ya kwana ba, sai sabon ɗaki mai kwano da daɓen siminti. Kowa ya yarda. Ni ma na sayi sababbin kwaɗuna.

Goggo Dudu tana cikin waɗanda suka yi gini. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, gidanta na bakin Yola ta hanyar Jimeta. Abin da ta mallaka a duniya shanu ne da ta gada, suna wurin makiyayi, su ne nononta, su ne suturarta. Ɗan ƙanenta, masinja ne a wani ofis, ya zo mata da labarin da ya ce da kunnensa ya ji ta bayan ƙofa. Ta sayar da shanun kaf, ta gina ɗakuna shida a jere a filin da ke gefen gidanta, aka zagaye da katanga, aka fitar musu da ƙofa. Gini mai kyau, na ƙwanƙwasa ko'ina ban ji ƙarya ba. Ta kira ni ta ce in shirya mata baƙi. Hausarta irin ta tsofaffin Yola ce, mace da namiji duk "kai" ne. Ta ce, "Kulu, kai ka san mutane. Ka kawo masu hankali."

Aka yanka jihohi. Hedikwata ta bi jirgin ƙasa zuwa Maiduguri. Ma'aikatan da muke da su ma aka kwashi na kwasa aka kai can. Yaƙi ya ɓarke, jiragen ruwa suka daina haurowa. Binuwai ta cika ta yi ta jira, ba wanda ya zo.

Ga abin da ba ku sani ba, ku da kuka tashi a zamanin bulo: ɗakin ƙasa da ba kowa a ciki mutuwa yake yi. Ba hayaƙin da zai kori gara daga itace. Ba wanda zai ga ɗigon farko ya toshe. Iska ta ɗaga kwano ɗaya, ruwa ya sami bango, bango ya sha ya zauna. Abin da ruwa ya bari, ɓarayi su cire ƙofa da taga. A shekarun nan sana'ata ta juya da ƙafa sama. Da ina nema wa mutane ɗaki, sai na koma nema wa ɗakuna mutane, kyauta, har da roƙo. Akwai mai gidan da ya yi alkawarin ba da kananzir ga duk wanda ya yarda ya zauna masa.

Damina na ƙaratowa na je na gaya wa Goggo gaskiya. Na ce in ba a sa mutum ba, shanunta za su narke a ruwan bana. Na ce ina da mutum ɗaya, amma ba goro, ko ɓari. Malamin firamare ne, Ticha Bitrus, daga wajen Numan. Albashi ya daina zuwa a kan lokaci, yana maƙale da matarsa Saratu da yara biyu a wani ɗan ɗaki mai yoyo a Jambutu. Na ce, "Goggo, Kirista ne fa."

Ta ce, "Yana shan giya?"

Na ce ba ya sha.

"Yana dukan mata?"

Na ce matar ce ma ake jin muryarta.

Ta ce, "Kawo shi."

Unguwa ta ɗauki ƙorafi tun kafin a sauke tabarmarsa daga amalanke. Dattawa suka taru a zauren Goggo, har da mai unguwa, kowa na zagaye-zagaye, wai ba a san mutumin ba, wai ba a san irin abin da za a riƙa dafawa ba. Goggo tana bayan asabari tana ji. Da suka gama ta ce da Fulatanci, "Koɗo am," wato baƙona ne. Ta ƙara da Hausa don Ticha ya ji: "Baƙona ne, na ba shi sashen nan duka. Wanda ubansa ya koya masa tambayar baƙo addini kafin ya ba shi ruwa, ya ɗaga murya in ji." Ba wanda ya ɗaga. Suka nemi takalmansu.

Ni a lokacin daɗi na ji. Ban lura ba cewa kalmar "baƙo" da muka shekara muna lulluɓe ciniki da ita, yau an faɗe ta da gaske, a gaban shaidu.

Ticha ya riƙe ɗakunan nan kamar masu jinya. Saratu ta riƙa yawo da murhu, wannan mako ta yi girki a wannan ɗaki, mako mai zuwa ta koma na gaba, don kowane rufi ya sha hayaƙi. Shi kuma in hadari ya taso sai ka gan shi a kan kwano da guduma, wandon makaranta a naɗe. Ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye ya ba ta ɗaki, ya ɗauko ƙannensa 'yan makaranta ya ba su ɗaki, Saratu kuma ba ta yi ƙasa a gwiwa ba wajen ƙaro masu kwana. Jerin ɗakunan da aka gina a Mbamba da Yolde Pate a shekara ɗaya da na Goggo, da yawansu sun koma gona. Nata shida suna tsaye.

Bayan yaƙi aka biya malamai bashin albashinsu. Ticha mutum ne mai kunya, zaman kyauta ya daɗe yana cinsa. Bai shawarce ni ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya zuba kuɗi a ambulan, ya tsaya a zaure, ana zaune, ya ɗaga murya yadda yake yi wa 'yan aji: "Goggo, na kawo kuɗin haya!"

Ni aka aiko wa in zo in ɗauki ambulan ɗin daga inda ya faɗi. Goggo ta ce, "Ka mayar masa. Ka tambaye shi, a wace kasuwa ya gan ni na baza kaya?" Ta daina amsa gaisuwarsa. Amma da yamma akushin da ta aika sashensa ya fi na kullum girma, har da man shanu a kai, ita da ba ta da saniya. Duk wanda ya san Yola ya san wannan ya fi mari zafi.

Da ya ga haka ya ce to bari ya tashi ya bar mata ɗakunanta ta sa masu biya. Ya je neman sallama. Ta ce, "Me muka yi maka? Waye ya zage ka? Faɗi sunansa." Ya rantse ba kowa. Ta ce, "To baƙo ba ya tashi ba dalili, sai in an wulaƙanta shi. Kana so a ce Dudu ta kori baƙo don kuɗi?" Ya dawo ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Ya ce min, "Adda Kulu, in biya laifi, in tafi laifi. Wannan wane irin kurkuku ne mai tuwo?"

Abin da bai sani ba, ni na sani, don ta hannuna yake wucewa. Goggo tana sayar da kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya. Tasoshin aurenta, kwallaye, munduwar azurfa, har tabarmar da ba ta taɓa shimfiɗawa ba. Da su ake sayen man shanun nan. Ɗan ƙanen nata masinja, wanda ya jawo ginin, yanzu ya dawo da sabuwar shawara: wani Alhaji daga Jimeta zai sayi gidan gaba ɗaya, da sashen da nata wurin, ita ta koma ɗakin baya a gidansa. Da farko ta kore shi. Daga baya ta daina korarsa. Da na ga ta miƙo min tukunyar tagullar uwarta in kai kasuwa, na san saura gidan.

A daidai nan aka sake yanka jihohi, kuma a wannan karon, da ba wanda ya yi gini dominsa, hedikwata ta faɗo Yola. Motoci suka fara sauke ma'aikata daga Maiduguri da akwatuna da mata da yara, ba wurin kwana. Mutum da babban muƙami yana kwana a kan teburin ofis. Wanda ya bar ɗakinsa ya rushe yana cizon yatsa, wanda ke da rumfar awaki ya zama mai gida. Alhajin Jimeta ya fara zuwa zauren Goggo da kansa. Na je mata da mutum huɗu a hannu, kowanne a shirye ya ba da goron shekara.

Ta ce, "Kulu, ɗakunan ba nawa ba ne. Na baƙona ne, har ran da ya tafi. Ba a matsa wa baƙo don a shigo da wani."

Na ce, "Goggo, za ki rasa gidan."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ita ce aikin. Ba mai gida ba ne ya ƙi, ba mai nema ba ne ya ƙi, ɗaki na nan, kuɗi na nan. Ku haɗa su mana, tunda ba wuya.

Na yi kwanaki ina juya abin. Da safe ranar wata Asabar na sami Ticha yana gyaran keke. Na ce, "Ticha, baƙo yana iya yin baƙi?"

Ya ce, "Kamar yaya?"

Na ce, "In 'yan'uwanka suka zo gari ba su da masauki, za ka bar su a titi?"

Ya ce shi 'yan'uwansa duk suna nan, ya ma rasa yadda zai yi da su. Saratu da ke wanke-wanke ta ajiye kwano ta ce, "Kai dai ba ka da kai sai na lissafi. Adda, su nawa ne 'yan'uwan namu?"

Na ce huɗu.

Kafin azahar ta tattara gidanta kaf cikin ɗakuna biyu, ƙannen miji ta tura su kwanan makaranta. Kashegari Ticha ya jera mutanena a zaure ya gabatar da su. Na farko daga Mubi, na biyu daga Wukari, na uku Bafulatanin Jalingo. Goggo tana leƙe ta asabari tana cewa, "Sannunku, sannunku." Na huɗu Babarbare ne, dogo, tsage tun daga goshi har haɓa, carbi a hannu.

Ta ce, "Bitrus, wannan ma ɗan'uwanka ne?"

Ticha ya dubi mutumin. Ya ce, "Ta wajen uwa, Goggo."

Ta ƙara leƙawa. Can ta ce, "Na ga kama."

Saura yadda kuɗi zai shiga hannunta. Goro ba zai yiwu ba, tunda ya riga ya kira abin da sunansa a bainar jama'a, duk kwanon da ya fito daga sashensa za ta san haya ce ta sake riga. Amma akwai abu ɗaya da ba a mayar wa baƙo, ko sarki ne kai: tsaraba. Sai dai tsaraba sai an yi tafiya. Don haka duk ƙarshen wata, in 'yan'uwa suka kawo wa Ticha gaisuwarsu, sai ya ɗaura jaka a bayan keke ya tsaya a zaure ya ce, "Goggo, zan yi tafiya."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka gai da mutanen can."

Ya taka zuwa Jimeta, ya sha shayi, ya sayi sabulu sanda ɗaya, ya naɗe abin da zai naɗe a cikin takardar sabulun, ya dawo kafin la'asar.

"Maraba, maraba! Ya hanya? Ka same su lafiya?"

"Lafiya lau, suna gaishe ki. Ga 'yar tsaraba, ba yawa."

"Kai, Bitrus, da wahala haka? Useko, na gode."

Da Alhajin Jimeta ya sake zuwa, aka ce masa Goggo tana barci. Ya sake zuwa, tana barci. Ɗan ƙanen ma barcin ya tarar. Ba a yi shekara ba na ga an ɗaure karsana biyu a bayan gidan, kuma ta aiko in nemo mata wanda ya sayi tukunyar tagulla.

Sai da komai ya zauna na tuna da kaina. A tsarin da na saba, kwano ta hannuna yake bi, in cire nawa. A wannan tsarin da na ƙirƙiro da kaina, daga 'yan'uwa sai Ticha, daga Ticha sai sabulu. Ba inda aka bar wa dillaliya ƙofa. Na shirya na je. Na zauna, muka gaisa, muka taɓa zancen zafi. Na ce, "Goggo, takalmina ya ƙare a kan gidan nan."

Ta ce, "Ayya. Ka riƙa shiga mota mana."

Na ce, "Mutum huɗu fa na kawo."

Ta ce, "'Yan'uwan Bitrus? Allah ya ba ka lada."

Ni ba 'yar Yola ba ce, haƙurina yana da iyaka. Na ce, "Goggo, la'adata nake nufi."

Ta ajiye carbinta ta dube ni da idon nan nata, fes, ba alamar wasa. Ta ce, "La'adar me, Kulu? An yi haya a gidan nan ne?"

Na duba duk inda zan bi, na tarar ni na toshe shi da hannuna.

Ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce, "Saratu! Kawo wa baƙo ruwa."

Aka kawo a moɗa, daga sabuwar randa. Na sha, na yi godiya, na ɗauki sandata. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma abin da na ci a kansa ke nan. Ruwan dai da sanyi.